Jidda zuwa Kano: awa uku ne ko awa bakwai?

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki, cewa tikitin Mama ya nuna awa bakwai a zuwa Jidda daga Kano, awa uku kacal a komawa Kano, ko kuskure aka yi. Kwantar da hankalinki, ba kuskure ba ne, agogo ne. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2, tikiti kuma yana rubuta lokacin garin da aka tashi da na garin da za a sauka. Ainihin zaman cikin jirgi awa biyar ne ko kusa da haka, zuwa da dawowa. Idan za a zo sai a ƙara biyu, idan za a koma a cire biyu.

Ni ma abin ya taɓa cina. Shekarar da na fara komawa gida, jirginmu zai tashi ƙarfe 10 na dare, na lissafa da yatsa na ce wa ƙanena ya zo ƙarfe 3. Ƙarfe 1 muka sauka. Haka na zauna a kan akwati, ga sanyin hunturu, ga layin wayata na Saudiyya ba ya aiki, har sai da wani direban tasi ya ara mini tasa. Don haka lokacin saukar da ke kan tikitin shi za ki tura wa 'yan gida, kar ki taɓa shi.

Nisan kuwa, daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zuwa na Malam Aminu Kano wajen kilomita 3,400 ne a miƙe: a tsallake Bahar Maliya, a ratsa Sudan da Chadi. To amma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage suka riƙa kewayewa, zaman ya ƙaru. In kuma jirgin mai yada zango ne a Alkahira ko Addis Ababa, wannan sai ki ware yini guda.

Abin da ya fi gajiyar da tsoho ma a ƙasa yake. Daga Makka zuwa filin jirgi ki ba mota awa ɗaya da rabi, sannan ku isa da saura awa huɗu, saboda layin awon kaya a jirgin Kano sai wanda ya gani: dabino, zamzam, barguna, kowa na roƙon a yafe masa kilo biyu. Ki duba wace tasha aka rubuta, don tashar alhazai da sabon ginin filin jirgin ba kusa suke ba. Ki nemar wa Mama keken guragu tun wajen awo, ko da za ta ce ƙafarta lafiya lau. Maganinta kuma ya zauna a jakar hannu. Allah ya kai ta lafiya.