Amsa: komawa daidai inda ka tsaya a fayil

Malam, kana tambayar me ya sa ƙirga haruffa ba ya mayar da kai inda ka tsaya a fayil ɗin sunayen ɗalibanka na Gombe. Daina ƙirgen nan. A Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, buɗe fayil ɗin da "rb" (yanayin karanta ɗanyen abin da ke cikin fayil), ka karanta da readline(), ka ajiye lambar matsayinka da tell() ya ba ka, in za ka ci gaba ka miƙa wa seek() ita.

Matsayi a fayil da bayit (ma'aunin girman bayanai a kwamfuta) ake auna shi, ba da harafi ba. A UTF-8, wani tsarin ajiye haruffa a fayil, ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit 2 ne, shi ya sa "Ɗanladi" harafi 7 ne amma bayit 8. Ga Windows kuma, ƙarshen layi bayit 2 yake ci. Nan lissafinka ke zamewa.