Koren shayi mai na'a-na'a: daga ina ɗacin yake?

Malama, kin ce kin sayo kwalin koren shayi mai na'a-na'a a Babbar Kasuwar Katsina, ƙamshi kamar me, amma ɗaci ya hana ki shanye kofi ɗaya. Ni ma haka na fara, har na kusa kyautar da nawa.

Laifin ruwa ne. Mun saba da dahuwar shayin Buzaye, a bar buta kan garwashi ta yi ta ɓararraka, sukari ya rufe ɗacin. Wannan ba ya son haka. In ruwa ya tafasa, sauke shi ya huce kamar minti 5, ki saka ƙullin ganyen minti 2 zuwa 3, ki cire. Kar ki matse shi da cokali, kar ki zuba madara.

Da na gyara dahuwa sai na same shi wasai, yana sanyaya maƙogwaro, ya dace da bayan tuwon dare. Amma gaskiya na'a-na'ar kwali ba ta kamo ɗanyar ba, ni har ganye biyu nake ƙarawa.

Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In kina da juna biyu, ƙarancin jini ko ƙwannafi, fara tambayar likita, don shayi na rage shigar sinadarin ƙarfe jiki, na'a-na'a kuma kan tayar da ƙwannafi.