Tsinken mai a bushe da safe a DR-Z400SM

Malam, ka ce ka zaro tsinken auna baƙin mai na Suzuki DR-Z400SM ɗinka da sassafe ka gan shi a bushe ƙayau, kana tambaya ko ka ƙara mai. Kada ka ƙara tukuna. Wannan babur ba a cikin inji yake ajiye yawancin mansa ba, a cikin firam yake, shi ya sa ma tsinken yake can sama kusa da wuyan babur. In ya kwana a ajiye, man kan sulale ƙasa, sai awon ya yi maka ƙarya. Ka tayar da shi ya yi minti 3 yana aiki a tsaye, ka kashe, ka jira wasu minti 3, ka miƙar da babur ɗin sosai ba a kan jak na gefe ba. Sannan ka goge tsinken, ka zura shi ba tare da ka murɗa ba.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Na ga tsinke a bushe, na zuba kusan rabin lita, bayan kwana biyu na buɗe akwatin filtar iska na tarar soson ya jiƙe sharkaf da mai, babur na ta shaƙewa. In ka bi matakan nan kuma har yanzu bai kai alamar ƙasa ba, to sai ka ƙara kaɗan-kaɗan da 10W-40 na babur mai alamar JASO MA, ba na mota ba, don kulocinsa a cikin man yake wanka. Ranar juye kuwa, noti biyu ne za ka kwance, na firam da na ƙarƙashin inji.