Ƙafar kamara don hoton ƙananan halittu idan kuɗi kaɗan ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a fannin aikin gona a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ina ɗaukar hotunan ƙwarin da ke cin masara da wake a gonakin kewayen Samaru, musamman tsutsar nan da ta addabi masara tun shekarar 2016. Ina da kamara da gilashin makaro na milimita 100, wato gilashin ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, da na saya na hannu, amma yawancin hotunan suna fitowa dishi-dishi. An ba ni shawarar in sayi tiraifod, wato ƙafar kamara, sai dai abin da na tara bai taka kara ya karya ba. Na ga wasu dogaye marasa nauyi da araha a Sabon Gari. In saya ne ko in dakata? Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Ka dakata tukuna, domin tsawo da rashin nauyi da suka ja hankalinka su ne abubuwan da aikinka bai buƙata. Mai ɗaukar hoton biki yana son ƙafar da za ta kai kamara daidai idonsa, amma kai aikinka yana tsakanin ƙasa da gwiwa, inda ganyen wake yake da inda tsutsa take ɓuya a cikin ƙoƙon masara.

Yana da kyau ka fahimci dalilin dishi-dishin. Idan gilashinka ya matso iyakarsa, ta yadda girman ƙwaron a cikin kamara ya yi daidai da girmansa na zahiri, zurfin wurin da yake fitowa tas a hoto, daga gaba zuwa baya, bai wuce kusan milimita 1 ba a ƙofar haske ta f/8, kuma ko ka tsuke ta zuwa f/16 bai wuce milimita 2 ba. Numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da idon tsutsa daga wannan ɗan tsaki. Bugu da ƙari, a wannan kusanci hasken da ke isa cikin kamara yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka tana buƙatar ƙarin lokaci kafin ta kammala ɗauka, kuma duk karkarwar da ta auku a cikin lokacin za ta bayyana a hoton. Ƙafar da aka haɗa da siririn bututu da gaɓoɓin roba ba za ta magance wannan ba, domin ita kanta rawa take yi.

Abu na farko da za ka duba shi ne yadda ƙafafun ke buɗewa. Waɗanda aka ɗaure ƙafafunsu da sandar tsakiya ta hanyar 'yan sanduna uku ba sa iya sauka ƙasa, kuma yawancin masu arahar nan haka suke. Ka nemi wadda kowace ƙafa take buɗewa ita kaɗai har ta kusa kwantawa, domin kunyar gona ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, sau da yawa ƙafa ɗaya tana kan tudu, biyu suna cikin kwari. Sannan ka duba sandar tsakiya, domin idan doguwa ce kuma ba ta cirewa, ita za ta tokare ƙasa ta hana kamara sauka. Akwai waɗanda ake juya sandarsu a rataye kamara a ƙasa, akwai kuma waɗanda sandarsu ke kwantawa a gicciye, irin su Manfrotto 190 da 055 masu laƙabin XPRO da kuma Vanguard Alta Pro. A ganina wannan na biyun shi ne ya fi dacewa da kai, tunda leƙa cikin ƙoƙon masara daga sama ake yi. Sai dai idan ka miƙa sandar gefe, ka sa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kamarar kuma ka rataya jakarka a ɗaya ɓangaren, don kada nauyi ya rinjaye ta ta kife.

Kada batun kabon faiba, wani abu da ake ƙera ƙafafun kamara da shi, ya ɗauke maka hankali. Ya fi alminiyam rashin nauyi, amma tsadarsa ba ta mai neman sauƙi ba ce. Tsohuwar ƙafar alminiyam mai kauri, mai gaɓa uku, ta hannu, ta fi sabuwa mai gaɓa biyar da siraran ƙafafu.

Inda nake so ka fi kashe kuɗinka shi ne kan da kamara ke zama a bisansa. Kai mai ƙwallo idan ƙarami ne yana da wata ɗabi'a mai ɓata rai: ka daidaita hoto, ka ɗaure, ka saki hannu, sai gilashin ya ɗan sunkuya. A hoton mutum ba za a lura ba, amma a makaro wannan ɗan sunkuyon ya isa ya fitar da ƙwaron daga hoto gaba ɗaya. Saboda haka ka tabbata kan yana kwancewa daga ƙafafun, ta yadda za ka iya sauya shi nan gaba. Notin da ke haɗa su galibi na inci 3/8 ne, wanda ke shiga gindin kamara kuwa na inci 1/4 ne, kuma a cikin farantan da ake ɗaurawa a gindin kamara don maƙala ta a kan, wanda ake kira Arca-Swiss ya fi sauƙin samun abokan haɗi. Kamara da gilashi irin naka suna kai kusan kilo 1.5, to ka nemi kan da aka rubuta yana ɗaukar ninki uku na haka ko fiye. Idan an sami rara, ka ƙara da layin dogon makaro, ƙarfen da ke matsar da kamara gaba da baya kaɗan-kaɗan, domin jan ƙafa uku a cikin gona don neman milimita 2 wahala ce, kuma yana korar ƙwaro.

Kada ka biya kuɗi sai ka gwada. Ka je da kamararka, ka ɗora ta, ka ƙara girman hoton a allonta har iyaka, sannan ka ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. Idan hoton ya ci gaba da rawa fiye da daƙiƙa biyu, ka ajiye ta. Idan ta hannu ce, ka danna kowace ƙafa da ƙarfi ka ga ko tana zamewa, domin ƙurar hunturu tana cinye maɗaurai, kuma kai ma ka riƙa goge su bayan kowace fita.

Akwai abin da ƙafar kamara ba za ta yi maka ba, wato tsayar da ganyen da iska ke kaɗawa. Ka riƙa fita da sassafe, lokacin da iska ba ta taso ba kuma sanyi ya rage wa ƙwari kuzari, ka kafa ɗan kara ka ɗaure reshen a jikinsa, sannan ka sa agogon kamara na daƙiƙa 2 don kada taɓa maɓalli ya girgiza ta. Kafin kuɗinka su cika, ka sa tela ya ɗinka maka ƙaramar jaka ka zuba mata mudun gero ko wake, ka riƙa ɗora kamara a kanta a ƙasa. Ga ganyen wake da ke dab da ƙasa, wannan jaka ta fi waɗancan dogayen da ka gani a kasuwa tsayar da kamara.