Ranar da muka sauka za mu fara zagaya gari?

Tambaya: Malam, ni da iyalina za mu tafi hutu ƙasar waje karo na farko, kuma kwana biyar kacal za mu yi a birnin. Shin ya dace mu fara da manyan wuraren tarihi tun ranar da muka sauka, don kada lokaci ya ƙure mana?

Amsa: Malam, shawarata ita ce kada ku sa wani babban wuri a ranar farko. Wanda ya kwana a jirgi, ya bi layin jami'an shige da fice, sannan ya tsaya jiran kaya, idan ya shiga gidan tarihi a wannan yini zai fito bai riƙe komai ba sai ciwon ƙafa. Idan akwai bambancin lokaci tsakanin ƙasashen biyu, jiki kan ɗauki kusan kwana guda kafin ya saba da kowace awa ɗaya ta bambancin, kuma wanda ya nufi gabas ya fi jin jiki. Abin da ke taimakawa shi ne fita cikin hasken rana da daurewa har lokacin barcin mutanen garin.

Don haka ku zagaya unguwar masaukinku a ƙafa, ku gano tashar jirgin ƙasa ko ta bas mafi kusa, ku sayi katin sufuri, ku sauke taswirar birnin a waya. Ku karɓi ɗan katin otel mai ɗauke da adireshi ku sa a aljihun kowane yaro, domin a cikin cunkoso ƙiftawar ido ta isa a rabu.

Inda baƙi suka fi yin asara shi ne ranakun rufewa. A Faris, gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, na Orsay kuwa ranar Litinin. A Santambul, fadar Topkapi tana rufe ranar Talata, babbar kasuwar birnin mai rufi da ake kira Grand Bazaar kuma ranar Lahadi. Wasu wuraren ma, kamar gidan tarihi na Anne Frank a birnin Amsterdam, ta intanet kaɗai ake sayen tikitinsu, da ƙayyadadden lokacin shiga. Ku duba wannan tun kafin ku tashi.

Daga kwana na biyu ku ɗauki babban wuri ɗaya a rana, ku isa da zarar an buɗe ƙofa, kafin motocin masu yawon buɗe ido su sauke jama'a, ku bar yamma ga wurin shaƙatawa ko bakin kogi inda yara za su sake.