Gudun kwana biyar: ka fara gyara mutanen cikin mota

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin gudun kilomita 300 cikin kwana biyar, abokanka uku na biye da kai a mota, kana tambayar wane atisaye za ka ƙara. Tunda ka saba gudun famfalaki, batun ƙafa ba zan daɗe a kai ba: ka riƙa jera dogon gudu kwana biyu a jere, ka koyi haɗa gudu da tafiyar ƙafa, musamman a hawa. Ni damuwata tana wajen mutanen motar nan. Na yi gudun, na kuma zauna a kujerar ɗan rakiya, kuma yawancin tafiyar da na ga ta watse, daga wajensu ɓarakar ta fara.

Ranar farko ba ta nuna komai. Ta biyu da tsamin jiki za ka tashi. A ta uku ne ake rarrabe aya da tsakuwa: abinci ya fita ranka, ƙafa ta kumbura, barci bai ishe ka ba, hankalinka kuma ba abin dogaro ba ne. Don haka tun kuna gida ku zaɓi mutum ɗaya da maganarsa ce ta ƙarshe, ku rubuta dalilan da za su sa ya tsayar da kai ko kana kuka. Fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar koka-kola, wannan alama ce tsoka na narkewa tana yi wa ƙoda lodi, asibiti za a nufa. Haka in maganarka ta fara rikicewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko wuri guda a ƙashin ƙwauri yana zafi in an danna, zafin na ƙaruwa kullum. Kada wanda za a ba wannan aiki ya zama mai jin nauyinka. Kuma a cire ibuprofen da danginsa daga jakar magani, domin jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci ga wahalar tsoka, wannan magani ƙara wa ƙoda nauyi yake.

Ruwa ma yana da tarko. 'Yan rakiya masu tausayi sukan yi ta ɗura wa mutum zallar ruwa har gishirin jininsa ya yi ƙasa, abin da ke iya kisa. Ku tafi da sikeli, a auna ka safe da yamma. In nauyinka ya ƙaru, agogo ya fara matse hannu, ga ciwon kai, a rage ruwan, a ba ka abu mai gishiri. Wajen ci, kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 200 zuwa 300 a kowace awa shi ne abin da yawancin cikin mutane ke iya ɗauka ana gudu. Kada su tambaye ka "me za ka ci?", amsar kullum "ba komai" ce. Su fito da abu biyu a hannu, su taka su tare ka, ka ɗauki ɗaya kana tafiya. Kujera kuwa ta zauna a bayan mota sai a zangon da aka tsara. Wanda ya zauna minti biyu, minti ashirin yake tashi.

Aikin dare shi ne ƙafa. A wanke, a busar, a haska tocila tsakanin yatsu. Bororon da ya tara ruwa a huda shi ta gefe da allura mai tsabta, a matse, a bar fatar a wurinta, a manna filasta yadda ba za ta naɗe ba. Ka riƙe takalmi guda da ya fi lambarka girma, za ka neme shi.

Su ma 'yan rakiyar mutane ne. Direban da ya kwana yana wanke safa, gobe shi zai yi gyangyaɗi a kan sitiyari kana gabansa. Su raba aiki, ɗaya na barci koyaushe, su ci nasu abincin. Ba banza ba gasar Badwater ta mil 135 a Amurka ta wajabta wa kowane ɗan tsere zuwa da tawaga da mota. Russ Cook, ɗan Ingilan da ya ratsa Afirka daga kudu zuwa Tunisiya cikin kwana 352 ya gama a Afrilun 2024, 'yan fashi sun tare shi da tawagarsa a Angola suka kwashe musu fasfo da kuɗi da wayoyi. Ku raba takardu da kuɗi wuri biyu, ku san asibitin da ya fi kusa da kowane zango.

Za a kawo maka labarin Cliff Young, manomin Ostireliya mai shekara 61 da ya cinye tseren Sidni zuwa Melbon a 1983 saboda kusan bai yi barci ba. Labarin gaskiya ne, amma mutumin ya shekara da shekaru yana kora tumaki da ƙafa. Kai ka nemi awa shida zuwa bakwai kowane dare.

Kafin ranar, ku yi gwajin kwana biyu da motar da mutanen da kayan gaba ɗaya. Wanda ya kasa tashi da asuba a gwajin, a nemi madadinsa tun da sauran lokaci.