Abin da ke sa sandunan tanderun lantarki hawa da sauka

Ka tambaye ni me ya sa sandunan girafait (wani nau'in gawayi mai ɗaukar lantarki) uku na tanderun narka tarkacen ƙarfe ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma me ke karya su alhali kwamfuta ce ke tuƙa su. To, ɗana, saurara.

Kwamfutar nan ba ta ganin harshen wutar da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe. Abu biyu kawai take aunawa a kowace sanda: bolt (ƙarfin turin lantarki) da amfiya (yawan lantarkin da ke wucewa). Sai ta raba bolt da amfiya, ta gwada abin da ya fito da adadin da aka saita mata. Idan amfiya ta yi yawa, sandar ta matso ƙarfe ke nan, sai ta buɗe bawul ɗin haidirolik ta ɗaga ta. Idan ta yi ƙasa, ta sauke ta. Wannan lissafin sau da yawa take yinsa cikin daƙiƙa guda.

A farkon narki da ƙaramin bolt muke farawa, harshen wuta gajere, don kada ya ƙone murfin tanderu. Sai sanduna sun nutse cikin tarkacen ƙarfe sannan a ƙara bolt a taransfoma. A nan rawar ta fi yawa, domin tarkace na ruftawa kan sanda, amfiya ta haura nan take, dole sandar ta gudu sama. Can kusa da ƙarshe, in aka hura iskar oksijin da garin gawayi, kashin ƙarfe ya yi kumfa ya lulluɓe wutar, za ka ji ƙarar ta lafa, allurar mitar amfiya ta natsu, har zafin narkakken ƙarfe ya kai wajen digiri 1,600 na Salshiyos.

Karyewa kuwa, sau da yawa daga kwandon lodi take, wato kwandon da ake zuba tarkace cikin tanderu da shi. In dunƙulen kankare ko katako ya faɗo ƙarƙashin sanda, wuta ba ta bi ta cikinsa. Kwamfuta ta ga babu amfiya, ta ci gaba da dannawa, sandar ta ɓalle daga mahaɗin da aka haɗa guntayenta. Shi ya sa ake sa ma'aunin matsin man haidirolik a silindar da ke ɗauke da sanda: da sandar ta dogara kan wani abu matsi ya faɗi, saukar ta tsaya. Gwada shi kafin lodi, kada ka yi kasala.

Kuma in sanda ɗaya ta riƙa rawa ita kaɗai, kada ka taɓa saitin kwamfuta tukuna. Fara duba wayar awon bolt da ke haɗe da jikin tanderu, sannan matatar man haidirolik.